Ruwan randa da tambayar da muke kashewa

A bazarar da ta wuce, wata rana da azahar kuran ya ɗauke, firigo ya yi tsit, ruwan da ke cikinsa ya koma kamar an sauke shi daga murhu. Ɗiyata mai shekara tara ta nufi ɗakin kakarta, ta ɗebo ruwa a randa ta sha, ta tsaya riƙe da moɗa tana kallon randar. Can ta ce da ni, "Baba, randar Iya ba ta da waya, ba ta da batiri. To wa ke sanyaya mata ruwa?" Kafin in buɗe baki mahaifiyata ta amsa daga kan tabarma: "Ke dai kin cika tambaya. Sha ki gode wa Allah." Yarinyar ta yi hamdala, ta kife moɗa, ta fita.

Godiyar daidai ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne farkon maganar, domin da ita aka rene ni, da ita aka reni kusan duk wanda na sani a Damagaram. A gida a ce wa yaro ya yi shiru manya na magana, a lakwal a ce ya kwafe abin da ke tablo. Na yi shekaru ina karanta fizik a koleji da lise, na ci jarrabawa, yau sana'ata haɗa pano da batiri a gidajen mutane, amma ban taɓa jin an ambaci randa a cikin aji ba. Alhali amsar tambayar yarinyar tana cikin kayen da na haddace. An dai rubuta ta da Faransanci, an yi mata rawani da haruffa da alamomi, ba wanda ya gaya mana cewa zancen tsakar gidanmu ake yi.

Bayan isha'i na kira ta, na ce ta shafa jikin randar. Ta ce da danshi. Na ce to randa zufa take yi kamar mutum. Yumɓu yana da ƴan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, busasshiyar iska ta kwashe shi. Shi kuwa ruwa ba ya tashi ya bi iska kyauta, sai ya tafi da guzurin zafi, kuma daga jikin randar da ruwan cikinta yake ɗibar guzurin. Ba ƙaramin guzuri ba ne: zafin da lita guda ke buƙata kafin ta ƙafe gaba ɗaya ya ninka fiye da sau 5 wanda ake buƙata a ɗauko ta daga sanyin ƙanƙara a kai ta ga tafasa. Shi ya sa in kashi 1 cikin 100 na ruwan ya ƙafe, zai iya rage wa sauran zafi da wajen digiri 6. Jarkar roba ba ta zufa, don haka ruwanta ke zama kamar na wanka. Da wannan dabara salkar Buzaye ke aiki, da ita direban babbar mota ke aiki in ya naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu ya rataye ta a gefen mota. Da damina kuwa, da iska ta riga ta ƙoshi da laima, randa ba ta sanyi kamar na bazara, mu ma zufa ta riƙa zama a jikinmu ta ƙi bushewa.

Yarinyar ta yi jim, sannan ta ce, "Ashe shi ya sa Iya ta ce tsohuwar randar nan ta daina sanyi. Ƙofofinta ne suka toshe?" Ban gaya mata wannan ba. Ita ta gano shi da kanta, kuma haka abin yake.

Ra'ayina ke nan, kuma ina faɗinsa ga iyaye da malamai da masu tsara karatu: a fara koya wa yaranmu fizik daga tambayoyin da su da kansu suke yi, da abubuwan da ke gabansu, da harshen da suke tunani da shi. Faransanci da lissafin haruffa su biyo baya, su tarar da fahimta ta riga ta zauna. Yadda muke yi yanzu gini ne aka fara daga rufi. Ana ba yaro amsar tambayar da bai yi ba, da harshen da bai gama mallaka ba, a kan abin da bai taɓa gani ba, sannan a yi mamaki in ya ce fizik ta masu ƙwaƙwalwa ta musamman ce.

Kada a raina randa. Wani malami a jihar Jigawa da ke maƙwabtaka da mu, Mohammed Bah Abba, tukunya ya saka cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, tumatir da ganye suka riƙa kwanaki ba su lalace ba a ƙauyukan da ba su san lantarki ba. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda wannan. Ilimin da ya yi aiki da shi bai wuce wanda na gaya wa ɗiyata a daren nan ba.

Maganar ta ƙara nauyi tun daga Maris 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasar Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Mun yi murna, kuma mun cancanci murnar. Amma harshe ba ya girma da takarda. In Hausa ta tsaya a gaisuwa da wa'azi da waƙa da cinikin kasuwa, in aka zo bayanin yadda duniya ke tafiya sai a ce ta koma gefe, to ba a yi komai ba. Kuma ba yau aka fara wannan tunani ba. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin fizik ne da ya yi shekaru yana shugabantar hukumar binciken hasken rana ta ƙasar nan, kuma tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya tsaya a kan cewa a koyar da yara da harsunansu. Mutumin da ya san fizik fiye da kowa a zamaninsa a ƙasar nan bai ga Hausa ta yi wa ilimi kaɗan ba.

Abin da malamai suka fi faɗa mini in na tayar da zancen shi ne, "Malam, ba mu da ɗakin gwaji." Gaskiya ne, kuma haƙƙin hukuma ne ta gina. Na san aji mai yara fiye da yadda murya ɗaya za ta iya kaiwa, na san albashin da ba ya kai wata. Amma akwai gwaje-gwaje da yawa da ba sa cin ko dala. In hadari ya taso, yaro ya ga walƙiya ya fara ƙirga sakan har ya ji tsawa. Haske na gudun kilomita 300,000 a sakan, sauti kuwa wajen mita 340 kawai, don haka kowane sakan 3 kilomita guda ne tsakaninsa da inda aradu ta faɗi. Da hunturu, ya ja bargon roba cikin duhu ya ga tartsatsi na tashi: ƙanen walƙiya ne, kuma laimar iska ce ta sa ba ya ganinsa da damina. Garinmu yana wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana na tsayawa daidai bisa kanmu. A kafa sanda a miƙe a filin makaranta wajen ƙarfe 12 da minti 20, inuwarta za ta shige ƙarƙashinta ta ɓace. Da irin wannan inuwa wani Bagirke mai suna Eratostenes ya auna girman duniya a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce: ya lura ranar da inuwa ta ɓace a Aswan, a Iskandariyya tana karkace da wajen digiri 7, wato kashi 1 cikin 50 na da'ira. Yau aji guda a Damagaram da aji guda a Agadez za su iya maimaita aikinsa da sanda biyu da igiyar awo da WhatsApp. Tsakaninsu akwai digiri 3 da ɗoriya, kowane digiri kilomita 111 ne, su lissafa su tarar da kewayen duniya wajen kilomita 40,000. Yaron da ya auna duniya da hannunsa ba zai ƙara cewa fizik ba tasa ba ce.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban gan shi ba: ana cewa Hausa ba ta da kalmomin. Akwai gaskiya a ciki. Kalmar "nauyi" tana ɗauke da abu biyu da fizik ta raba. Buhun gero mai tiya 40, in aka kai shi duniyar wata, geron bai ragu da ƙwaya ɗaya ba, tiya 40 ɗin na nan, amma ƙaramin yaro zai iya ɗaga shi, domin jan da wata ke yi wa abu kashi 1 ne cikin 6 na jan da ƙasa ke yi. To wanne ne nauyin, yawan geron ko jan? Haka "zafi". Tartsatsin mai walda ya fi ruwan wanka zafi nesa ba kusa ba, amma in ya faɗo maka a hannu ɗan tsikari kawai za ka ji, alhali bokitin ruwan zafi zai saɓule fata. Ɗaya ya fi tsananin zafi, ɗayan ya fi yawan zafi. "Ƙarfi" kuwa ta fi kowacce wahala, da ita muke kiran turi da ja, da ita muke kiran abin da batiri ya tara, da ita muke kiran saurin da yake bayar da shi. "Wuta" ma haka, ta murhu da ta waya duk suna ɗaya.

To amma ku duba, a cikin sakin layin nan da Hausa na bambance su, kuma kun gane. Abin da ya rage shi ne a zauna a yarda da suna guda ga kowane ɗaya, a rubuta, a riƙa maimaitawa har ya bi baki. Turawa ma haka suka yi. Kalmar da Faransawa ke kiran aiki da ita, ta kasuwa ce da gona, masana suka ɗauko ta suka ƙuntata ma'anarta, har ta kai ga ɗan dakon da ke tsaye cik da buhu a ka, a wurin fizik bai yi aikin komai ba tunda buhun bai gusa ba. Ɗan Faransa ma sai an zaunar da shi an koya masa wannan, ba da shi aka haife shi ba. Mu kuwa muna da gado a wannan fanni. Ɗaruruwan shekaru malaman zaure na karantar da rabon gado da Hausa, da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, lissafin da ke rikita mai digiri. Sun ari kalma daga Larabci inda babu, sun yi bayani da Hausa, almajirai sun gane. Me zai hana a yi wa bolt da wat, ma'aunan lantarki, abin da aka yi wa sudusi?

Hasali ma an riga an fara, ba a makaranta ba dai. Ku shiga garejin masu gyaran moto ko rumfar masu gyaran waya a kasuwar Dole ku saurari yadda maigida ke koya wa yaronsa. Ni kaina in zan yi wa mai gida bayani, cewa nake batiri tanki ne, waya tiyo ce, bolt matsin ruwan ne, amfa kuma yawan ruwan da ke wucewa. Nan take yake gane dalilin da ya sa siririyar waya ke ɗaukar zafi in aka ɗora mata firigo da fanka da telebijin. Rashin wannan ɗan sanin yana cin kuɗin mutane, wani lokaci ya ci ɗaki da kayansa. Da yawa sun ɗauka zafin rana ne ke ba pano wuta, alhali haskenta ne; zafin ma rage masa kuzari yake yi, kusan rabin kashi 1 cikin 100 a kowane digiri da ya haura 25. Na sha zuwa gidan da aka ce pano ya lalace, in hau in tarar ƙurar hunturu ce ta yi masa bargo, tsumma da ruwa kofi biyu su gama gyaran. Waɗannan mutane ba wawaye ba ne, wasunsu sun yi lise. Karatun ne bai taɓa sauka daga tablo ya shiga gidajensu ba.

Akwai masu tsoron jarrabawa, tunda da Faransanci ake yin ta. Ban ce a bar Faransanci ba, ban ce a bar lissafi ba. Fizik ba ta tsayuwa sai da lissafi, kuma mai son zurfi dole ya karanta littattafan wasu harsuna. Cewa na yi minti goman farko na darasi su zama na tambaya da gani da ido da harshen gida. Wanda ya gane abu, sanya masa suna na biyu ba wuya. Kuma abin da na faɗa game da Hausa ya hau kan Barbarci da Fulatanci da Buzanci da Tubanci a inda su ne harshen yaran.

Kada kuma a ɗauka ina nufin a tsare yaranmu a kan randa da inuwar sanda, a bar wa wasu manyan tambayoyi. Yaron da ya tambayi wa ke sanyaya ruwa, gobe shi zai tambayi mene ne haske, ina sama ta ƙare, ko lokaci na tafiya daidai a ko'ina. Ta ƙarshen nan kamar zancen hira ce a fada ana jiran shayi na uku, amma tana cikin aljihun kowa. Einstein ya nuna a 1905 da 1915 cewa gudu da jan ƙasa suna canza tafiyar agogo. Taurarin ɗan'adam na GPS, da ke shawagi wajen kilomita 20,000 a sama, agogonsu na riga namu da kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana. In ba a gyara wannan ɗan bambanci ba, taswirar waya za ta riƙa kaucewa da wajen kilomita 10 a kwana guda, kuma direban da ke ratsa Tenere ya san abin da kilomita 10 ke nufi tsakaninsa da rijiya. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Matatar mai ta SORAZ tana aiki arewa da garin nan tun 2011. Rana kuwa ba mu san kwanan da ta yi mana rowa ba. Ƙasar da Allah ya ba waɗannan uku, in ƴaƴanta ba su san abin da ke cikin ƙwayar zarra ba, ba su san yadda haske ke zama lantarki ba, sai dai kullum wani ya zo ya gaya mata darajar abin da ke hannunta. Muna da jami'ar André Salifou a nan gida, amma ba a jami'a ake haifar mai bincike ba. Tun yana ɗan shekara tara ake gane ko za a bar shi ya rayu.

Wani dattijo da nake girmamawa ya taɓa ja mini kunne, ya ce yawan bincike na kai yaro ga shakka. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ai sanin yadda abu ke aiki bai kore wanda ya yi shi ba." Wanda ya san tafiyar wata da rana ya fi kowa jin girman tsarin. Waɗanda suka yi wayo a lokacin suna tune da 29 ga Maris 2006, ranar da inuwar wata ta ratsa ƙasar nan, hantsi ya koma kamar almuru. An yi sallar husufi, kuma haka ya dace. Masu lissafi kuwa sun faɗi ranar da mintin tun shekaru kafin ta zo. Ba saɓani tsakanin biyun. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu aka yi husufi, mutane suka danganta shi da rasuwar, Manzo da kansa ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen 965, Musulmi ne, kuma shi ya kafa hujja da gwaji a ɗaki mai duhu cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ba ido ke fitar da haske ba. Ƴan da'irorin hasken nan da muke gani a ƙasa ƙarƙashin dogon yaro, hoton rana ne kowannensu, ya biyo ta ƴan kafofin ganye kamar yadda ya bayyana.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Gidajen rediyon garin nan su ware rabin awa a mako, yara su bugo da tambayoyinsu, malamin fizik ya amsa da Hausa. Malaman jami'a da na lise su zauna da masu gyaran waya da makanikai da malaman zaure su fitar da ɗan kundin kalmomi, ko da ɗari biyu ne a fara. Mu iyaye kuma, in yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinmu, mu ce masa "zo mu gwada" ko "bari mu tambayi Mushe", mu bar cewa ya cika tambaya.

A gidanmu mun riga mun sa rana. Sau biyu a shekara rana na tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10 da minti 18 agogon Nijar, sai 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10 da minti 27. A wannan mintin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar duk abin da ke tsaye a miƙe kuma tana kwance a kan layinta. Za mu rataya dutse da zare a tsakar gida don mu tabbata ya miƙe, ɗiyata ta ce ita za ta ja layin da gawayi, Iya kuma ta ce a kira ta in lokacin ya yi, tana son ta ga ko shimfiɗar sallarta na kan daidai.